Kundin aikin masu kwanan zaune a Argungu: yunwa, barci, mantuwa da fushi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau bayan la'asar muka fara zama da masu aikin dare, a rumfar da ke bayan ƙaramin asibitin da nake aiki. Waɗanda suka zo kashi uku ne: masu gadin shaguna da gidaje, samarin da ke aikin dare a injinan casar shinkafa, sai masu ban ruwa a fadama, waɗanda ke kwana a gindin inji saboda ɓarayi. Abokiyar aikina, wadda ungozoma ce, ta ɗauki ɓangaren mata: masu tuyar ƙosai da masa da ke tashi tun kafin assalatu, da ma'aikatan jinya masu kwana a asibiti.

Koke ɗaya ne ya haɗa mu, wanda ya yi ta maimaituwa a ɗakin duba marasa lafiya tun bara. Mutum ya zo, ba zazzaɓi ba gudawa, ya ce shi dai ba ya ƙoshi, ya ci ya ci, da an jima cikinsa ya hau kuka. Ya ajiye abu ya manta inda ya sa. A gida kuma an fara cewa ya zama masifaffe. A ɗibi jini, ba maleriya, sukari daidai. Ka tambaye shi sana'a, sai ka ji mai kwanan zaune ne. An saba sallamar irin waɗannan da maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini, su tafi su dawo da kokensu yadda yake.

Kowa mun ba shi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, muka ja masa layuka: lokacin da ya kwanta, lokacin da ya tashi, abin da ya ci da sa'ar da ya ci, sai ƙarfin yunwa da ɗigo ɗaya zuwa biyar. Layin ƙarshe na fushi da mantuwa ne. Mai boko ya rubuta da boko, mai ajami da ajami, wanda ba ya ko ɗaya ɗansa ya cika masa. Kayan aikinmu sikeli ne, da tef na auna ƙugu, da na'urar awon sukari da ta hawan jini. Awon sinadaran yunwa aikin manyan ɗakunan bincike ne, an kuma riga an yi shi a wasu ƙasashe. Namu shi ne mu ga yadda abin da suka gano ya zauna da rayuwar mai gadi da mai ban ruwa, mu fitar da shawarar da talaka zai iya bi, mu naɗe ta a gajerun saƙonnin murya na WhatsApp.

Asabar, 25 ga Janairu

Zaman bayani. Hazo ya rufe gari, kowa ya zo a ƙudundune.

Na fara da girelin. Sinadari ne daga cikin waɗanda ake kira homon, wato saƙon da wata gaɓa ke zubawa a jini domin wata gaɓar ta ji. Tumbi ne ke yin mafi yawansa. Masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka gano shi a 1999, alhali ba yunwa suke bincike ba, suna neman abin da ke sa jiki ya saki sinadarin girma ne. Daga baya aka lura cewa in an yi wa ɓera ko mutum allurarsa, sai ya tashi neman abinci. Yana hawa a jini gab da lokacin da mutum ya saba ci, ya sauka bayan an ci. Abinci mai gina jiki, irin wake da ƙwai da kifi da nono, ya fi daɗewa yana danne shi. Sukari da farin burodi kan sauke shi da sauri, ya kuma dawo da sauri.

Na biyu leftin, wanda kitsen jiki ke yi. Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano shi a 1994, ta hanyar wasu ɓeraye masu mugunyar ƙiba da ba sa taɓa ƙoshi. Na ce musu leftin kamar yaron da maigida ke aikawa ya leƙa rumbu ne. In ya dawo ya ce akwai hatsi, hankali ya kwanta. In ya ce an kusa taɓa ƙasa, ko ma bai dawo ba, maigida ya shiga tsimi da neman ƙari. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila, cikinsu har da Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi, sun ba da labarin wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin leftin. Kullum cikin kukan yunwa suke, ga ƙiba tun suna ƙanana. Da aka fara yi wa masu irin wannan larura allurar leftin, yunwar ta lafa, ƙibar ta zube. Sai dai larurar ba ta da yawa a duniya. Yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu ma yawa gare shi, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraronsa, shi ya sa bai zama maganin rage teɓa ba.

Hanji ma na da nasa sinadaran ƙoshi, irin su GLP-1, wanda allurar ciwon sukari da rage ƙiba mai suna Ozempic ke kwaikwayo. Waɗannan ba sa isa nan take, don haka mai cin sauri kan wuce ƙoshinsa kafin labari ya iske shi. Duk saƙonnin nan a wuri ɗaya suke haɗuwa, wani ɗan ƙaramin sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus. A nan ne kuma agogon jiki yake, da masu kula da ƙishirwa da zafin jiki da farkawa. Maƙwabtakar ce ta sa da wuya a taɓa ci ba a taɓa barci ba.

Dattijon masu gadi, wanda ya kai shekara sittin da ɗoriya, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, “To Likita, ashe wanga abu ba haɗama ba ce?” Na ce, “Baba, ba haɗama ba ce. Jikinka ne ke karɓar labarin ƙarya cewa rumbu ya yi ƙasa.” Ya yi dariya ya ce in zo in faɗa wa iyalinsa da bakina.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Mun karɓi littattafai mun duba. Wasu sun cika tsaf, wasu sun yi kwana biyu sun watsar, ɗaya kuma ya jiƙe da ruwan fadama har ba ya karantuwa.

Ga shafi ɗaya daga littafin wani saurayi mai aikin injin casa. Ya shiga aiki ƙarfe 8 na dare. Sha biyu, shayi da rabin burodi. Ƙarfe 2, Indomie biyu da ƙwai. Ƙarfe 4, lemon ƙarin kuzari. An tashi 6, ya sha koko da ƙosai a hanya. Bai kwanta ba sai da hantsi, kafin azahar kuma ya farka, ya rubuta dalili: “yara da rediyo.” Barcin bai cika awa huɗu ba. A layin yunwa na yammacin ranar, ɗigo biyar. Ka juya zuwa ranar hutunsa, ranar da ya kwana a gida daga isha'i zuwa asuba, ɗigo biyu ne, abin da ya ci kuma bai kai na ranar aiki ba. Mutum ɗaya, ciki ɗaya. Wannan zubin ya bayyana a littattafai da dama, na maza da na mata.

Abin ya yi daidai da gwajin da Karine Spiegel da Eve Van Cauter suka yi a Jami'ar Shikago, wanda aka wallafa a 2004. Samari 12 masu lafiya suka ɗauka, dare biyu aka bar su awa 4 kawai a gado, wani dare biyun kuma awa 10. Bayan gajeren barcin leftin ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, yunwar da suka ce suna ji ta ƙaru da kashi 24. Kwaɗayinsu kuma ya fi karkata ga kayan zaƙi da na gishiri da na sitaci. A shekarar dai wani bincike kan mutum 1,024 a jihar Wiskonsin ya nuna masu barcin awa 5 sun fi masu awa 8 yawan girelin da kusan kashi 15, leftin ɗinsu kuma ya gaza da kusan haka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka sami sauyin sinadaran daidai da wannan ba, amma kusan duk sun haɗu a kan abu ɗaya: wanda aka hana barci yakan ƙara ci, sau da yawa da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 300 ko fiye a yini.

Daren jiya na tsaya a teburin wani mai shayi kusa da inda samarin ke aiki, wajen ƙarfe biyu. Na zuba ido a hannunsa. Babban kofin roba, cokali huɗu na sukari a tule, madarar gwangwani, sannan ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya yanka burodi ya shafe shi da bota ciki da baya. Ba wanda ya ce a rage. Wani ma cewa ya yi a ƙara cokali ɗaya, idonsa na rufewa. Mai shayin ya ce da rana mutanen nan ba haka suke sha ba, shi ma ya daɗe da lura.

Talata, 18 ga Fabrairu

Tambayar da ta ci mana zaman yau ta fito ne daga masu gadi: me ya sa in suka cika ciki da tuwo barci ke kwashe su a bakin aiki, in kuma suka koma gida da ciki wofi barcin ya ƙi zuwa?

Amsar na wajen oreksin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke yi. A 1998 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka gano shi kusan lokaci guda, ɗaya ƙarƙashin Masashi Yanagisawa a Dalas, ɗayar a Kalifoniya. Da farko an ɗauka aikinsa tayar da sha'awar ci ne kawai. Ba a jima ba aka gano shi ne ke riƙe mutum a farke, kuma masu ciwon nan na faɗawa barci kwatsam da rana tsaka sun rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke yin sa. Girelin na zaburar da waɗannan ƙwayoyi, yawan sukari a jini da leftin kuma na kwantar da su. Hikimar a bayyane take, dabbar da ke jin yunwa dole ta zauna a farke ta nemi abinci, wadda ta ƙoshi ta sami wuri ta miƙe. Masu gadin sun san wannan a jikinsu tun kafin a haifi masu binciken.

Sai batun lokacin ci. Frank Scheer da abokan aikinsa a Boston sun nuna a 2009 cewa in aka juya wa mutum dare ya koma rana, leftin na raguwa da kashi 17 cikin 100, sukarin jini na hawa duk da ƙarin insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, da jiki ke fitarwa. A 2021 ɗakin binciken nasu ya gwada mutum 19 da aka sa su kwaikwayi aikin dare. Waɗanda suka riƙa ci da dare sukarinsu ya hau da kimanin kashi 6, waɗanda aka tsare cinsu ga rana kawai bai hau ba.

Da na kawo wannan, shugaban masu ban ruwa ya girgiza kai. “Likita, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu da ka jan tiyo cikin laka, ga sanyi, in munka ƙi ci mi za mu yi aiki da shi?” Gaskiyarsa. Mutanen Boston a ɗaki suke zaune, ba wanda ya ɗauki jarkar fetur ya ratsa kunya da ita cikin duhu. Ba zan ce wa mai aikin ƙarfi ya kwana bai sa komai a baki ba.

Abin da muka daidaita a kai shi ne a ci babban abincin kafin a fita, tsakanin magariba da isha'i, kuma ya zama da wake ko kifi ko ganye a ciki, ba gayan tuwo da ruwan miya ba. Cikin dare a riƙe gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko dafaffen ƙwai, ko nono ba sukari, da ruwa a gora. Shayi a raba sukarinsa biyu. Da safe kafin a kwanta a ɗan taɓa wani abu mara nauyi, kada a kwanta da ciki wofi oreksin ya hana barci. Inda aka fi ja-in-ja shi ne goro da Nescafé. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu, mai hana barci, sai ya yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, ke nan goron ƙarfe huɗu na asuba yana nan daram lokacin da mutum ke juyi a tabarma da hantsi. Mun sa iyaka ƙarfe biyu. Baba mai gadi ya ce zai gwada, amma kada a rubuta cewa ya yi alkawari.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ana duban wata yau. Mun ware masu ciwon sukari da ke cikinmu, musamman masu allurar insulin da masu shan gilbenkilamaid, muka tura su ga likita ya daidaita musu magani kafin su ɗauki azumi. Karkarwa da gumi mai sanyi da ruɗewa ga mai shan irin waɗannan magunguna alamar faɗuwar sukari ce, ba yunwar da ake daurewa ba ce, a karya nan take. An ƙara wa littattafai layin sahur da na buɗa-baki.

Laraba, 12 ga Maris

An kai azumi goma sha biyu. Zafi ya sauko da ƙarfinsa.

A kwanakin farko kusan kowa ya sa ɗigo huɗu ko biyar da hantsi da kuma wajen azahar, daidai lokutan da ya saba karin kumallo da abincin rana. Wajen la'asar sai ɗigon ya ragu, alhali ba a ci komai ba. Yanzu kuma na hantsin ya kusa ɓacewa a yawancin littattafan. Haka girelin yake, yana bin sabo. An taɓa auna mutanen da suka wuce yini da kwana ba ci, aka ga yana hawa a lokutan cinsu na kullum, ya sauka da kansa. Yunwa zuwa take ta wuce, ba hawa take yi ba tsayawa, kuma in an sauya lokacin ci tana koyon sabon lokaci. Wannan ya yi wa samarin daɗi ƙwarai. Ɗaya ya ce da ya sani tun yana yaro da bai sha azumi a ɓoye ba.

Ɓarnar azumin a wajen barci take. Masu aikin rana ma sun zama 'yan kwanan zaune: asham, tafsiri, hira a majalisa ko latsa waya har sha biyu, a tashi ƙarfe huɗu. Matan da abokiyar aikina ke bi sun fi kowa shan wuya, domin su ke tashi kafin kowa su ɗora sahur, su ke kwanciya bayan kowa ya kwanta. Wata mai tuyar masa barcinta duka bai kai awa huɗu ba, kuma kashi uku yake. Irin waɗannan ne ke isa buɗa-baki da kwaɗayin da ya wuce na yunwar yini: kunu mai sukari, lemon kwalba, soyayyen dankali, ƙosai, sannan tuwo a kai. Sikeli ya nuna wasu sun ƙara nauyi cikin azumi, sun kuma yi ta mamaki.

Na sami sauƙin bayani a nan, don malamai sun riga ni. Hadisin raba ciki uku, kashi na abinci, kashi na ruwa, kashi na numfashi, kowa ya san shi. Buɗe baki da dabino da ruwa, a tashi a yi magariba sannan a dawo ga abinci, yana ba sinadaran ƙoshi na hanji lokacin isar da saƙonsu. Jinkirta sahur da ƙailula duk suna cikin sunna. Limamin unguwarmu ya karɓi batun ya saka a karatunsa na bayan la'asar, ya kuma fi ni iya faɗa.

Lahadi, 23 ga Maris

Goman ƙarshe, ga tahajjud, layin mantuwa ya cika. Wani mai ban ruwa ya tayar da inji bai buɗe hanyar ruwa ba, har tiyo ya fashe. Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa sai ta duba takardar mara lafiya sau biyu kafin ta yarda ta ba da magani, abin da ba ta saba ba.

Alaƙar yunwa da ƙwaƙwalwa ta fi yadda mutane ke zato sarƙaƙiya. Sashen da ke ɗaure sabon abu ya zama abin tunawa sunansa hifokamfus, kuma yana da kafofin karɓar girelin da leftin da insulin. A 2006 Sabrina Diano da Tamas Horvath na Jami'ar Yale sun nuna cewa girelin na shiga wannan sashe a jikin ɓeraye, ya ƙara mahaɗai tsakanin ƙwayoyinsa, ɓerayen kuma su fi saurin koyon hanya. Wato 'yar yunwa mara tsanani ba maƙiyar karatu ba ce. Mahaddata da ke cewa hadda ta fi zama da sassafe kafin a cika ciki ba su yi nisa da wannan ba, ko da yake gwajin ɓera ba hukunci ba ne a kan ɗan Adam. Rashin barci kuwa an auna shi a mutane kai tsaye: a 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda suka kwana a farke, suka ga hifokamfus ya yi sanyi lokacin koyon sabon abu, abin da suka riƙe kuma ya ragu. Littattafanmu ma nan suka nuna. Mantuwa ta fi bin daren da ba a yi barci ba, ba yinin da aka fi jin yunwa ba. Azumi ake ɗora wa laifi, alhali mai laifin na can cikin dare.

Akwai kuma hanyar da ta juyo, inda tunawa ke juya yunwa. A 1998 Paul Rozin ya ba da rahoton wasu majinyata biyu da hifokamfus ɗinsu ya lalace, ba sa riƙe abin da ya faru mintuna kaɗan baya. A ba su abincin rana su cinye, a kwashe kwanuka, bayan ɗan lokaci a sake kawowa a ce lokacin abinci ya yi, su sake ci, har su fara na uku. Suzanne Higgs a Bamingam ta gwada masu lafiya a 2002: waɗanda aka sa su tuna abin da suka ci da rana sun rage cin kayan maƙulashe da yamma. Don haka wanda ya ci abinci ido na kan waya, ko a tsaye gindin inji cikin ƙara da ƙura, cikinsa ya karɓa amma kansa bai rubuta ba. Mun ƙara shawara ɗaya mara tsada: a zauna, a ajiye waya, a dubi abin da ake ci.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi salla, an dawo. Yau layin fushi muka buɗe, kuma shaidar da ta fi ƙarfi daga matan aure ta zo, ta hannun abokiyar aikina. Wata ta ce in maigidanta ya dawo daga gadi takan kwashe yara ta kai su gidan kakarsu har sai ya tashi, don ko cokali ya faɗi sai ya yi tsawa. Ta ce da can ba haka yake ba.

Yunwa a ba ki a huta, in ji masu magana. Idan abinci ya yi nisa, jiki na sakin kotisol da adirenalin domin ya fito da sukarin da ya ajiye, su ne kuma sinadaran da ke tashi lokacin tsoro da faɗa. Ɗora rashin barci a kai. Wani gwaji na 2007 ya nuna cewa bayan kimanin awa 35 ba barci, sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da tsoro da fushi, amigdala, ya ƙara zabura da kashi 60 cikin 100 in an nuna wa mutum hoto mai tayar da hankali, sashen goshi mai tausarsa kuma ya saki linzami. Girelin kansa ba mugu ba ne a nan. A 2008 Michael Lutter da Jeffrey Zigman a Dalas sun ga yana hawa a ɓerayen da aka daɗe ana takura wa, yana kuma rage musu alamun karayar zuciya. Mai yiwuwa wannan na cikin abin da ke sa mai damuwa ya riƙa neman abin tauna.

Sai dai akwai littafin da ya tsayar da ni. Wani magidanci mai gadin shago, ɗigo biyar kusan kullum, fushi kullum, nauyinsa na raguwa. Layin abinci: koko da safe, tuwo da dare, wata rana garin kwaki kawai. Na ja shi gefe na ce, “Malam, yaya gida?” Ya yi shiru, sannan ya ce albashin ba ya kai tsakiyar wata, shi yakan bar wa yara. Wannan ba saƙon ƙarya ba ne, rumbun ne ya yi ƙasa da gaske. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya rage wa maza 36 abinci a Minesota na tsawon mako 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Suka zama masu saurin fushi, masu baƙin ciki, ba sa son shiga mutane, ba abin da ke ransu sai abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Duk wanda ya zauna da magidanci a ƙarshen wata cikin tsadar nan ya ga wani yanki na wannan. Zai zama rashin kunya in ce wa irin wannan bawan Allah ya gyara lokacin cinsa. Mun cire shi daga jerin masu karɓar shawara, muka haɗa shi da masu rabon zakka na unguwa, abokiyar aikina kuma ta je ta auna damtsen yaransa da tef. Daga yau duk wanda zai shiga aikin nan, tambayar farko ita ce ko abincin gidan na isa.

Mutum biyu kuma mun tura babban asibiti: ɗaya mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ɗaya kuma wanda baƙin cikinsa ya wuce abin da barci da abinci za su gyara.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40, ɗakin kwano da rana ba ya kwantuwa, barcin masu aikin dare ya ƙara lalacewa. Waɗanda suka ɗan tsira su ne masu raba shi biyu: daga bayan asuba zuwa hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, sannan ƙailula bayan azahar a zaure ko gindin bishiya, da ƙyalle a ido. Su ne kuma ɗigon yunwarsu na yamma ya sauka. Wannan ya zo daidai da gwajin Esra Tasali na 2022 a Shikago, inda aka taimaki masu gajeren barci suka ƙara kimanin awa ɗaya da 'yan mintuna, cinsu ya ragu da kusan kalori 270 a yini ba tare da an ce musu su rage ba.

Batun goro ya faskara ga dattawa, samari kuwa sun fi ƙin rabuwa da lemon ƙarin kuzari. Rage sukarin shayi ne ya fi karɓuwa, har mai shayin ya fara tambayar “cokali nawa?” kafin ya zuba. Gyaɗa da ƙwai cikin dare sun zauna ga masu injin casa, masu ban ruwa sun fi son fura da nono, mun bar su a kai, sukarin kawai muka roƙa a rage.

An naɗi saƙon murya na farko da na biyu, kan barci da yunwa da kuma kan abincin dare. Matan sun saurara sun ce na biyun ya yi tsawo kuma ba a yi maganar mai shayarwa ba, don haka abokiyar aikina za ta sake naɗar sa da muryarta. Na mantuwa da na fushi suna kan takarda. Shinkafar fadama ta fara nuna, masu ban ruwa za su koma korar tsuntsaye tun da duku-duku, jadawalin barcinsu zai sake juyawa, sai mun ja musu sababbin layuka. Ranar Laraba za mu gana da mai ɗaya daga cikin injinan casa kan ko zai ware wa ma'aikatan dare rumfa mai inuwa da tabarmi, da hutun rabin awa tsakanin ƙarfe biyu da uku.